Kada Ki Kawo Wa Sanusi Allurar Nan

Nasarawar Burkullu,
Ƙasar Bukkuyum.

Zuwa ga ɗiyata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Abuja lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanyar Anka da abin da ke kwance cikin dajinta, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki da uwa ba ki da uba. Kin ga na rubuta sunanki a sama. Sunan mahaifiyata ne, bakina bai saba da shi ba, alƙalami ne ya yi ƙarfin hali. Daga nan zan koma kiranki Uwata kamar kullum.

Na cusa takardar ƙarƙashin ƙullin daddawar da Innarki ta ɗaura miki, don na san ba za ki kwance shi ba sai kin isa. Da gangan na yi. Akwai maganar da ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba.

Ranar Talata ina bayan rumbu ina gyaran igiyar akuya, ke da Innarki kuna tsakar gida, ba ku san ina nan ba. Na ji kina ba ta labarin inda kika samu aiki, gidan da matan birni ke zuwa a yi musu allura a goshi don kada ya tattare. Kika ce allurar nan ita ce dai wadda likitoci ke yi wa masu ƙagaggen hannu, wadda kuke kira botulinum. Sai kika rage murya kika ce, "Inna, an ce ana rage saura cikin kwalba kullum. In na zaka hutu za ni taho da ita, ni ka yi ma Sanusi da hannuna, tunda Baba ya ƙi kai shi asibiti." Innarki ta ce, "Allah Shi yi miki albarka." Ni kuwa igiyar ta faɗi daga hannuna, na zauna a ƙasa.

Uwata, kada ki kawo ta. Wannan ce kaɗai buƙatata a cikin takardar nan. Amma na san halinki, halina ne kika ɗauko, ba a hana ki abu sai da dalili. To ga dalilin, zan faro shi daga nesa.

A shekarar da gubar dalma ta afka wa ƙauyukanmu kina Gummi wurin kakarki kina makaranta, shi ya sa kika tsira. Mu muna Tungar Guru. Ni ban taɓa shiga ramin zinari ba, amma baffanki yana kawo dutse a buhu, ana dakawa a tsakar gidanmu, a turmin da ake daka hatsi. Ƙanwarki Safiya tana da shekara biyu, tana wasa cikin ƙurar, ƙanenki Sanusi yana goye. Innarki ta same ni ta ce, "Malam, ƙurag ga tana shiga tuwo. Ka hwaɗa ma ƙanenka shi kai dutsinai waje." Na ce mata, "Ke dai ki ruhe tukunya." Abin da na ce ke nan, kuma har dariya na yi. Kin san abin da ya biyo baya a ƙauyen, dalmar da ke cikin dutsen ta yi ta kashe yara. Namu biyu sun rayu, amma jijjiga ta bar Safiya da wuya a karkace zuwa kafaɗa, hannun dama a dunƙule, yawu na zuba. Sanusi nasa ya zo da sauƙi, hannu ne da tafiya a kan yatsu, kansa kuwa garau.

Ba ni kaɗai na yi wannan kuskure ba, gari guda muka yi shi, shi ya sa yake da sauƙin faɗa. Abin da zan ce miki a kansa kaɗan ne. In wanda kike ganin bai kai ki sani ba ya ce miki wani abu bai yi daidai ba, ko da mai shara ce a wurin aikinki, ki tsaya ki duba. Innarki ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma ita ta ga abin da ni mai karatun boko ban gani ba.

Kin taso kin tarar ana kirana Mai-hannu. Fulanin rugagen nan ne suka sa mini, saboda allurar shanu. Ba ni da takarda ko ɗaya a kanta. Na bi wani ma'aikacin dabbobi shekaru ina riƙe masa jaka, na koya da ido. Mu ba ma auna saniya a sikeli. Ka dubi tozonta, ka dubi haƙarƙari, ka ja magani yadda idonka ya ba ka, in ka ga ta jigata ka ƙara kaɗan. Ka auna tafin hannu ɗaya gaban kafaɗa, ka soka a wuya, ka wuce ta gaba. Na yi wa garke guda kafin hantsi ba sau ɗaya ba. Ardo ya kan ce hannuna da albarka, a aiko mini da nono da man shanu, kaina ya yi ta kumbura har hula ta kusa daina shiga. Ki riƙe wannan, don shi ne tushen komai.

Safiya tana da shekara tara aka ba mu takarda zuwa wani babban asibiti a Sakkwato. Likitar mace ce, 'yar ƙarama, da ganinta na raina ta a zuciya. Ta ɗora Safiya a sikeli. Ta daɗe tana lallatsa hannun da wuyan, tana sa alama da biro, tana rubutu, har na ƙosa. Sai ta ɗauko wata 'yar kwalba daga firji, kamar babu komai a ciki, ta zuba mata ruwa. Ta ce da ni, "Malam, ka saurara. Wannan guba ce, ba a san wadda ta fi ta ƙarfi ba. Ɗan kaɗan ake sa wa naman da ya ƙage don ya saki. Bayan wata uku zuwa huɗu zai koma yadda yake, sai ku dawo. Kada kowa ya yi mata a wani wuri." Ta ɗiga a hannu wuri-wuri. Da ta zo wuya sai ta sa abin da bai kai a faɗa ba, ta ce nan kusa da maƙogwaro ne, ba a wasa da shi.

Kin san abin da na ce a raina? Na ce rowa ce. Na ce yarinyar nan tsoron allura take ji, ni da ke yi wa bijimi a wuya yana tsalle. Da ta juya wanke hannu, na ɗauke kwalbar da ta ƙare daga kan faranti na sa aljihu. A lokacin ban yi niyyar komai ba, ko kuwa haka nake gaya wa kaina.

Abin da ya faru bayan mako guda kin gani da idonki, kina gida hutu. Hannun da ya shekara bakwai a dunƙule ya buɗe. Tafin fari fat, bai taɓa ganin rana ba, ke ce kika wanke shi kika sa masa lalle. Safiya ta kama ludayi da kanta ta kai fura baki, rabi ya zube a riga, tana dariya, Innarki tana kuka. A duk rayuwata ban yi farin ciki irin na ranar ba. Don haka kada ki ɗauka ina zagin allurar nan ne. Magani ce, na ga amfaninta a cikin gidana. A hannun wanda ya san ta ne take magani.

Mun koma sau ɗaya, aka sake yi, aka sake dacewa. Kafin lokaci na uku hanya ta lalace. Ana tare motoci ana shiga da mutane daji, direbobi suka daina fita, wanda ya fita ma ba ya ɗaukar alkawarin dawowa. Wata huɗu suka cika, na biyar ya shiga. Yatsun Safiya suka fara komawa ɗaya bayan ɗaya. Sai a ajiye mata ƙwarya ta dubi ludayin ta dube ni. Ba ta da magana mai yawa, amma wannan kallon ya fi magana. Na kasa jurewa, kuma ina so ki lura da wannan sosai: ba mugunta ce ta tura ni ba, tausayi ne, irin wanda ke cinki yanzu a kan Sanusi.

Akwai wani mai sayen zinari, baƙo ne, yana shiga manyan birane ta hanyoyin da ya sani. Na ba shi kwalbar da na ɗauko na ce ya nemo mini irinta. Bayan mako biyu ya kawo a cikin fulas da ƙanƙara. Rubutun jikinta ba iri ɗaya ba ne da na waccan. Na gani, Uwata. Ko maganin saniya ne aka kawo mini haka da na mayar. Amma na ce ai kamfani ne daban.

Ranar Innarki ta tafi bikin suna a maƙwabta da Sanusi, hantsi ya ɗaga, gidan ba kowa. Na dafa ƙaramin sirinjina na awaki. Na zaunar da Safiya a tabarma na dube ta yadda nake duban maraƙi, na ce wanda likita ke ba ta, wata uku yake yi don kaɗan ne, in aka cika zai kai shekara, kafin nan hanya ta gyaru. Na ja duk abin da ke cikin kwalbar. Na sa kaɗan a hannu. Sauran na sa a wuya, dama da hagu, inda hannuna ya saba zuwa. Ba ta yi kuka ba. A asibiti sai mutum biyu sun riƙe ta, amma ni ta miƙo mini wuyan da kanta, don Babanta ne.

Kwana uku sai wuyan ya miƙe. Innarki ta fito da gudu tana cewa, "Malam, taho ka gani, wuyan ɗiyag ga ya miƙe da kainai! Allah Ya amshi roƙonmu." Na tsaya ina murmushi, har na kusa gaya mata aikina ne don a yaba mini. Washegari fatar idonta ta fara sauka, aka ce barci ne. Kwana biyar wuyan ya daina ɗaukar kai gaba ɗaya, sai an tallafa. Murya ta dushe. Aka ba ta fura ta dawo ta hanci.

A nan na sha jinin jikina, domin na san wannan ciwon. Da rani in ciyawa ta ƙare, shanu kan tauna ƙashin mushe a daji. Bayan kwanaki sai saniya ta kwanta, harshe a waje, ga ruwa a gabanta ba ta iya haɗiya, idonta kuwa tar, tana ganin kowa. Na sha tsayawa a kan irinsu ina ce wa Bafulatani ya kawo wuƙa. Wannan gubar ce dai, likita ta faɗa mini da bakinta, ni ne na ji da kunne ɗaya. A duk garin babu wanda ya san abin da ke damun Safiya sai ni.

Ga wanda ya fi duka nauyi. Mun kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa. Ma'aikacin ya dube ta, ya juyo ya tambaye ni, "Baba, an ba ta wani abu? Ko na gargajiya, ko allura?" Innarki tana gefena. Mutane suna kan benci, cikinsu har da waɗanda ke kirana Mai-hannu. Na ce, "Ba a ba ta komi ba." Ya ce to wataƙila tsohon ciwon dalma ne ya taso, ya yi iya abin da zai yi da abin da aka gaya masa. Da na faɗi gaskiya, da ya ce a nemi mota ko ta halin ƙaƙa a kai ta inda ake da injin numfashi. Ko da ta kai, ko da ba ta kai ba, Allah Ya sani, kwana nasa ne. Amma ni ban ba ta wannan damar ba. Na zaɓi sunana. Ta cika ranar Juma'a kafin a tafi masallaci, idonta a rufe don ba ta iya ɗaga shi, hannunta na dama a buɗe cikin nawa.

Kowa ya ce dalma ce ta dawo ta ɗauki abinta, na bar su a haka. Na karɓi gaisuwa kwana uku a ƙofar gida ana ce mini sannu da haƙuri. Na ajiye sirinji na ce idona ne ya fara rauni, kika yi ta nemo mini tabarau, kina mamaki da nake zura zare a allura ba tare da shi ba. Da hanya ta ɗan yi sauƙi kika matsa a kai Sanusi Sakkwato, na yi kunnen uwar shegu. Kin tuna ranar da kika ce, "Baba, shanun Hulani sun hi ɗanka daraja gare ka"? Innarki ta ɗaga hannu za ta mare ki, na hana. Ban hana don haƙuri ba. Abin da ke raina ya fi abin da kika faɗa muni. Tsoro nake ji in shiga ɗakin nan likita ta ɗago kai ta ce, "Malam, ina Safiya?" Saboda tambaya ɗaya na bar yaron nan shekara da shekaru yana cin tuwo da hagu, yara suna yi masa dariya.

Yanzu ga ki za ki zauna da wannan kwalba kullum. Ni dai abin yana ba ni mamaki, a ce mace lafiyarta ƙalau ta biya a kashe mata naman goshi don kada a san ta taɓa ɗaure fuska. Mai sunanki goshinta kamar gonar da aka yi wa huɗa, kuma ban ga wanda ya ƙi gaishe ta ba. Amma ba zan shiga abin da ban sani ba, fuskarsu ce, kuma aiki in na halal ne ba a raina shi. Taki fuskar dai ki bar mini ita yadda take, ina so in kin yi fushi da ni in gani.

Abin da nake tsoro daban ne. Kina da takardar jinya, ni ban da ita, amma takardar ba ta ce kin san wannan ba. Za ki tsaya kusa da mai yin allurar wata biyu, wata uku, hannunki ya fara ƙaiƙayi, ki ce ai ba wani abu ba ne. Wata rana mai wurin za ta fita, ga mace ta zo tana sauri, a ce Rabi ki yi mata kawai, ai kin iya. Ranar ki tuna da ni. Kallo ba koyo ba ne. Sai wanda ya sani ya zaunar da ke ya koya miki, ya tsaya a kanki, ya sa hannu cewa kin iya. Kwalbar da ba ki san daga inda ta fito ba, ko wadda rubutunta ya saɓa, kada ki buɗe ta ko da za a kore ki. In an kore ki ki dawo, akwai dawa a rumbu.

In kuma wani abu ya ɓaci a hannunki, don hannu ba ya rasa kuskure, ki faɗa tun ana iya gyarawa. Mace ta dawo ido ya sauka, ko ta ce ruwa yana sarƙe ta, kada ki ce mata gajiya ce. Ki kai ta gaban likita ki ce ga abin da na sa, ga inda na sa, ga yawansa. Kunyar yini ɗaya ce. Ni na guje ta, ga shi ina ɗauke da abin da ya fi ta har gemuna ya yi fari.

Game da Sanusi, ki cire hannunki. Ba ki san nauyinsa ba, ba ki san wane nama ne ya ƙage ba, kuma sauran da aka rage a kwalba don goshin wata ba a yi shi don hannun yaro ba. Sannan ƙanenki ne. Zai miƙo miki hannu ba tare da tambaya ba, yadda aka miƙo mini wuya. Na riga na yi magana da direban da ke bi ta Gummi, ranar kasuwa mai zuwa in Allah Ya kai mu zan kai shi Sakkwato da kaina. Kwalbar nan ta biyu tana cikin gwangwanin sirinjina tun ranar, zan tafi da ita. In likitar tana nan zan ajiye a gabanta in amsa tambayarta. In ba ta nan zan gaya wa wanda na tarar.

Saura Innarki. Shekarun nan duka tana ce wa mutane ita ce ta kashe ɗiyarta, don ita ta daka dutsen a turmi. Na sha jin ta tana faɗa wa mata a wurin gaisuwa, ina zaune a zaure, na bar ta da laifin. Na yanke shawara in motarku ta tashi zan dawo gida in zaunar da ita. Ke nan a lokacin da kike karanta wannan ta riga ta sani. Ban san abin da za ta yi ba. Duk abin da ta yi daidai ne, kada ki ba ta haƙuri a madadina.

Ban ce ki yafe mini ba, Uwata. Na ce kada ki kawo allurar nan gida. In na samu wannan, abin da takardar nan ta ci mini bai tafi a banza ba.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, kada ki shiga motar da ba ta tasha ba. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare hannunki daga abin da nawa ya aikata, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya jiƙan Safiya, Ya sa ta cece mu, har da wanda bai cancanta ba.

In kin kira wayar Innarki ba ta ɗauka ba, ki ba ta kwana biyu. In kin kira tawa zan ɗauka, ko mene ne za ki faɗa.

Wassalam.
Mahaifinki,
Bawa.